Me ya kawo shaho tsakiyar gari?

Mai Tantabaru:
Assalamu alaikum. Jama'a, wani ƙaramin shaho ya tare a saman dogon benen da ke kallon gidanmu. Ba shirwa ba ce, ita na san wutsiyarta. Wannan fikafikansa masu tsini ne, bayansa toka-toka, ga baƙin zane a kumatu kamar saje. Tunda ya zo tantabaruna suka daina sakewa, ko na buɗe musu sai su lafe. Me ya raba shi da daji? Kuma zai tafi don kansa?

Malam Na-Tsuntsu:
Wa alaikumus salam. Yadda ka siffanta shi, dangin shahon da Turawa ke kira peregrine ne. Shi fa ko a daji ba ya saƙa sheƙa, a kan gaɓar dutse mai tsawo macen ke zuba ƙwai. To dogon bene dutse ne a wurinsa, ga tantabaru ko'ina, me zai koma nema? A New York kan gadoji suke ƙyanƙyasa, a Landan kuwa har taruwa ake yi ana kallonsu a kan hasumiyar gidan nunin zane-zane na Tate Modern.

Kuma da kyar suka sha. Maganin ƙwari na DDT ya riƙa sa ɓawon ƙwansu ya rasa kauri, uwa ta kwanta ya fashe. Amurka ta haramta shi a 1972, sai a 1999 aka cire tsuntsun daga jerin masu shirin ƙarewa. In ya naɗe fikafikai ya sulmiyo daga sama, gudunsa ya haura kilomita 300 a awa. Tantabara ta yi hankali da ta lafe.

Hajiya Ummi:
Malam, ai garin ma ba daɗi zalla ba ne. Da yawa gilashin taga ke kashe su garin bin ganima. Masu cin ɓera kuma, in suka ci wanda ya sha guba, shi ke nan.

Malam Na-Tsuntsu:
Gaskiya ne, Hajiya. Batun tafiya kuwa, ɗan'uwa, kada ka sa rai. In ka ga sun zama biyu, babbar ita ce macen, kuma zama ya kama: kwanci wajen wata guda, 'ya'ya su tashi bayan mako shida. A sama yake bugun tsuntsu, ba ya shiga ɗakin tantabaru. Ka daina sakinsu da sassafe da gab da magariba, lokacin ya fi farauta. Kada ka harbe shi, ƙasashe da dama doka ta hana.

Mai Tantabaru:
Na gode, Malam. Biyu ne kuwa, ɗazu na ga babbar ta shige bayan tankin ruwan benen ba ta fito ba.