Mayar da ragowar amfanin gona makamashi a Sudan: me kuka tarar a aikin?

Mai buɗe zance, daga Maiwurno:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kammala karatun injiniyan aikin gona a Jami'ar Jazira, kuma ya ƙudurta neman abincinsa a fannin samar da makamashi daga ragowar amfanin gona. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aikin da hannunsu su faɗa mana abin da suka tarar.

Wani injiniya, daga Rabak:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru a masana'antar sukari ta Kenana, inda aka buɗe sashen itanol, wato sinadarin da ake gaurayawa da man fetur, a 2009 da ƙarfin lita miliyan 65 a shekara. Baƙin ruwan da ke saura bayan an cire sukari, wanda muke kira molas, shi ake tsimawa da yis a tace, tukar raken kuwa a ƙona ta a tukunyar tururi ta samar da wutar lantarki. Abin da ya tsayar da wannan aiki da ƙafarsa shi ne kayan suna jibge a bakin injin. Ka ce masa ya lissafa kuɗin dako kafin ya zana komai.

Wani mai bincike, daga Wad Madani:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni ba dako ne ya kayar da ni ba. A gonakin Jazira an daɗe ana tumɓuke karan auduga a ƙona shi bayan girbi saboda cuta da tsutsa, sai muka ga asara ce wannan wuta ta tafi a banza. Muka babbaka karan a cikin duro, muka niƙa, muka kwaɓa da molas, muka matse shi curi-curi. A ɗakin gwaji alƙaluma sun yi kyau ƙwarai, har na fara ganin kaina na raba mutane da saran itace. Na kai buhu guda wurin wata dattijuwa mai yin kisra, wato siririyar gurasar dawa da ake gasawa a kan faffaɗan ƙarfe, ta zuba curi huɗu, ta yi ta fifita har hannunta ya gaji, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗana, toka ka kawo mini." Laifin nawa ne, domin saiwar karan tana tahowa da baƙar lakar Jazira, ban kuwa kakkaɓe ta ba, ga shi kisra harshen wuta take so a ƙarƙashin ƙarfe, ba garwashi mai lumshe ido ba.

Wata malama, daga Gadarif:
Ni ramin gas na kashin shanu na gina wa gidaje biyu. Kowane bokitin kashi yana neman kusan bokitin ruwa, da rani kuwa ruwan sha ma a bayan jaki ake sayensa, shanun kuma sun tafi kiwo kudu. Gida ɗaya ne ya ci gaba da girki da shi, wanda ke kusa da rijiya.