Wa ya taɓa haɗa gashin ƙashi da dannar ƙashin baya? Ku ba mu labari

Mai ɗinki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ƙuguna ya hana ni sakat. In na yi awa ɗaya a kan keken ɗinki, sai na dafa tebur kafin in miƙe, zugin kuma yana bin cinyar hagu har tafin ƙafa. Likita ya tura ni gashin ƙashi, wata ƙawata kuma ta dage sai na je wurin kairofarakta, masu danna ƙashin baya da hannu har ka ji ƙas. Wanda ya taɓa haɗa biyun, don Allah ya faɗa mana gaskiyar yadda ta kasance.

Direban babbar mota:
Wa alaikumus salam, Yaya. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ciwonki tamkar nawa ne. Hoton MRI ya nuna faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya, L5 da S1, ya turo yana danne jijiya.

Wurin mai dannar na fara zuwa. Ya kwantar da ni a gefe, ya lanƙwasa gwiwata ta sama, ya dafa kafaɗata, ya ce in saki numfashi. Kafin in ankara, ƙas! Na sauko daga gadon kamar an sauke mini buhu. Har na fara tallata shi a wurin abokan aiki, ashe na yi gaggawa. Kwana biyu sai ciwon ya dawo mazauninsa. Haka muka yi ta yi mako uku, in je in sami sauƙi, in hau mota in koma gidan jiya.

Da na haɗa da mai gashin ƙashi, ba ta ma taɓa ni sosai ba, abin har ya ɗan ba ni haushi. Ta ce in yi rub da ciki, in tokare da hannu in ɗaga ƙirji, ƙugu na manne da ƙasa, sau 10, bayan kowace awa biyu ko uku. Ta ce kada in duba ƙarfin ciwon, in duba inda yake. Can sai zugin ya bar ƙauri ya dawo cinya, daga cinya ya tattaru a tsakiyar baya. Wai alamar da take nema ke nan, tsarin McKenzie suke kiransa. A ganina dannar ce ta ba ni damar iya motsi ba tare da na cije leɓe ba, amma atisayen ne ya riƙe sauƙin. Yanzu duk inda na tsaya da mota sai na miƙe na dafa ƙugu na lanƙwasa baya.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam direba, ƙas ɗin nan fa ba ƙashi ba ne ya koma wurinsa. Iska ce ke fita daga ruwan gaɓa idan an buɗa ta da sauri, irin ta ƙas ɗin yatsu. Tunanin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen cututtuka ya fito ne daga D.D. Palmer, wanda ya kafa sana'ar a Davenport ta Amurka a 1895, kuma bincike bai tabbatar da shi ba. Ni ma an danna ni don ciwon baya, na ji daɗi, ban musa ba. Amma Yaya mai ɗinki, in kika ji tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ki sani ba, ko ƙafa ta yi rauni kina jan ta, ki bar zancen danna da gashi, asibiti za ki nan take. Mai raunin ƙashi ma ba a danna shi.

Malamin makaranta:
Ni kam na'urori suka cinye mini lokaci. Inda na je, kowane zuwa sai a manna mini wayoyin na'urar lantarki ta TENS su yi ta tsikarata minti 20, a shafa man nan mai sanyi a goga na'urar sauti (ultrasound), a ɗaura ni a gadon ja mai miƙar da baya. Zuwa 12, ko atisaye ɗaya ba a koya mini ba. Daga baya na ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya: ta goyi bayan motsa jiki, tausa da dannar ƙashin baya, amma ta ce kada a riƙa amfani da TENS, na'urar sautin, ja, da ɗamarar ƙugu. Duk huɗun an yi mini, ɗamarar ma har yau tana rataye a bayan ƙofa.

Uwar tagwaye:
Malam, kada ka yi wa TENS kuɗin goro. Ban ce ta warkar da ni ba, amma da ita nake samun barci a makonnin farko. An ce mini tsikarin ne ke riga zugin isa ƙwaƙwalwa, kamar yadda kake murza wuri in ka buge. Sai dai mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya kusance ta.

Mai aikin kwamfuta:
Nawa na wuya ne. An murɗa shi sau ɗaya na ce a'a, tsoro ya kama ni, tunda na ji akan sami yagewar jijiyar jini, ko da yake ba kasafai ba. Na roƙi a riƙa motsa shi a hankali kawai, sai atisayen jan haɓa baya da ɗumi na minti 15. Ya fi mini.

Mai ɗinki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti mai jinya, babu ko ɗaya cikin alamomin da kika lissafa. Na fara gashin shekaranjiya, na kuma faɗa wa mai gashin ina son gwada dannar. Ta ce to, amma in kai wa masu dannar hoton bayana, kuma in bayan zuwa huɗu ko biyar ban ga canji ba in daina. Ta ce in ɗaga kujerar keken, in riƙa tashi duk rabin awa. Malam direba, kai a wane mako ne zugin ya bar ƙaurinka? Nawa har yanzu yana tafin ƙafa.