Tafkin gishirin Larnaka a watan Afrilu: zan tarar da filamingo?

Sani_M:
Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Larnaka ta ƙasar Saifurus a tsakiyar Afrilu, kuma na ga tafkin gishirin yana dab da filin jirgin sama. Hotunan tsuntsayen filamingo a wurin ne suka ja ni. Shin zan same su a lokacin? Ƙaramin madubin hangen nesa kaɗai gare ni, to ko ana iya taka bakin tafkin a matsa kusa da su?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, ka ɗan makara. Filamingo baƙin hunturu ne a can: suna zuwa idan ruwan sama ya cika tafkin, wajen Nuwamba, su fara tafiya cikin Maris. Abin da ke riƙe su ƙananan jatan lande ne na ruwan gishiri, waɗanda suke tacewa da baki, kai a ƙasa. Daga irin wannan abinci ma suke samun jan launinsu. A Afrilu wataƙila ka tarar da ragowa, idan shekarar ta yi ruwa. Da rani kuwa tafkin ƙafewa yake ƙaf, sai farin gishiri. Ba a nan suke ƙyanƙyasa ba. Wannan sai wurare irin su tafkin Tuz na Turkiyya da Kamarg ta Faransa.

Hajiya Binta:
Ɗan'uwa, ni tambayarka ta biyu ce ta dame ni. Don Allah kada ka taka bakin tafkin, musamman a Afrilu. Wurin da za ka gani tamkar fili ne kawai na busasshen laka, to nan ne gidan wani ɗan tsuntsu da Turawa ke kira Kentish plover. Ba ya yin sheƙa a bishiya. Ƙasa yake ɗan tonawa, ya zuba ƙwai yawanci 3 masu ɗigo-ɗigo, launinsu ɗaya da tsakuwa. Na taɓa kafa madubi a kan wani da ke kwanci, ya tashi, na san daidai inda ƙwan yake amma ban iya ganinsa ba sai da ya dawo ya zauna.

Idan ka ga yana gudu a gabanka yana jan fiffike kamar ya karye, lafiyarsa ƙalau. Janye ka yake daga ƙwai. Ka juya ka koma ta inda ka fito. Muddin kana tsaye ba zai koma kwanci ba, rana na dukan ƙwan, hankaka kuma na sama yana kallon inda ya tashi. In zafi ya tsananta har ruwa sukan shiga su jiƙa gashin ciki su dawo su sanyaya ƙwan, to ka ga wahalar da mutum ke ɓatawa don hoto guda. Ba banza aka sa tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya a 2001 ba.

Kuma ban yarda da Malam Garba cewa ka makara ba. Afrilu lokacin tsuntsaye masu wucewa ne daga Afirka zuwa Turai, kala-kala. Ka leƙa ƙaramin tafkin Oroklini da ke arewa da garin: akwai zakaran ƙeƙuwa, da wani baƙi da fari mai jajayen ƙafafu dogaye siriri, wanda zai cika maka kunne da kuka in ka kusanci 'ya'yansa.

Malam Garba:
Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Abin da zan ƙara, ka fita da sassafe. Da rana ta ɗaga, turirin zafi kan gishiri zai sa komai rawa a madubi, ba za ka bambance tsuntsu da dutse ba. Akwai hanyar ƙafa da ke bin gefen tafkin, ka tsaya kanta. Ɓangaren masallacin Hala Sultan da ke yammacin tafkin kuma ya fi kyau da yamma, rana na bayanka.

Sani_M:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya kan hanya. Hajiya, Oroklini akwai rumfar kallo, ko daga bakin titi ake tsayawa?

Hajiya Binta:
Akwai wurin kallo da aka gina. Ka hau can, madubinka ya isa.