Neman shawara: Baba ya bar mana akwatin hotunan makaɗan Garwa, ta ina zan fara?

Mai tambaya, Garwa

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema a kan abin da ya fi ƙarfin sanina, domin ni tela ne.

Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, mai ɗaukar hoto ne a nan Garwa tun zamanin Ahidjo, shugaban Kamaru na farko. Hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan makaranta shi ya ciyar da mu, amma duk inda ya ji ganga sai ya rataya kyamara ya bi: hawan sallah a ƙofar Lamiɗo, aure, suna, faretin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu. Ya bar akwatin ƙarfe cike da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga cikinsa, daga shekarun 1970 zuwa na 1990. Akwai wanda idan ka ɗaga shi a haske za ka ga mai algaita kumatu sun cika fam, faifan ya manne a leɓensa, idonsa na kallon gefe wajen mai ganga, ga kan kakaki ya shigo ta kafaɗarsa ya fice daga hoton saboda tsawo.

Burina in wanke wasu in baje su jama'a su gani, a kuma zaunar da yara a koya musu wani abu da hannunsu. Sai dai wasu daga ciki suna wari mai tsami, kuma sun fara tattarewa. Ga shi wani mutum mai sayen tsofaffin kaya ya yi mana tayin akwatin gaba ɗaya, yayyena kuma sun karkata ga a sayar a raba. Wane gidan tarihi zai karɓe ni? Ko in haƙura?

Tsohon mai hoto, Ngawundare

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, ajiye zancen gidan tarihi tukuna, warin nan shi ne na gaggawa. Jikin fim ɗin ne yake ruɓewa yana fitar da tsami irin na binega, zafi da laima suna ƙara masa gudu, kuma mai warin yana shafa wa na kusa da shi. Ba ya warkewa, rage masa sauri kawai ake yi. Yau ɗin nan ka ware masu wari ka kai su wani ɗaki. Fitar da sauran daga akwatin ƙarfe da leda, ka sa su a ambulan na takarda cikin kwali, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano, kuma kada ka ajiye a ƙasa saboda damina. Zafin Garwa na Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, ya isa ya ƙarasa su.

Kada ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ɓangaren da ba ya sheƙi nan hoton yake kwance, in ya jiƙe aka goga zai iya saɓulewa. Kama ta gefe da busasshen hannu, ka share ƙura da buroshi mai laushi. Sannan ka fara kwafe masu warin kafin lafiyayyu: ɗora nagatif a kan farin haske, waya a kafe a sama kada ta motsa, ka ɗauka, a juya baƙi ya koma fari a kwamfuta. Wannan don ka san abin da kake da shi ne. Waɗanda za a rataya a bango sai an kai su wurin mai sikana ta fim, wato na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta. Masu faɗi, murabba'in nan na santimita 6, su ne za su yi girma ba su dushe ba. Ambulan ɗin mahaifinka kuwa kada ka yar da ko ɗaya, rubutun da ke kai rabin aikin ne.

Ɗan Kusiri, mazaunin Njamena

Ɗan'uwa, kada ka sayar. Mai tayin ya san abin da ya gani. Malick Sidibé na Bamako hoton samari da 'yan mata a wuraren rawa ya riƙa ɗauka, irin aikin mahaifinka, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a Italiya. Seydou Keïta kuma, shi ma mai hoto na Bamako, bayan rasuwarsa a 2001, taƙaddama a kan wa ke da ikon nagatif ɗinsa sai da ta kai gaban kotu. Tun 1994 ake taron masu hoton Afirka a Bamako, kasuwar irin waɗannan kayan ta daɗe da buɗewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta shekarar 2000 ta bar wa magada haƙƙin aikin har shekara 50 bayan rasuwar mai shi, kuma sayar da akwati ba sayar da haƙƙin ba ne. Amma a zahiri wanda ke riƙe da nagatif shi ke wanke hoto, kai kuma kana Garwa ba ka san abin da ake yi ba.

Akwai wata hanya. A Mbouda, yammacin Kamaru, an kwafe dubun-dubatar nagatif na wani mai hoto, Jacques Toussele, da tallafin wani shiri na British Library, babban ɗakin karatu na Birtaniya, mai ceto tsofaffin takardu da hotuna, wani malamin jami'a David Zeitlyn ya jagoranci aikin. Ƙa'idar shirin ita ce kayan asali su zauna a ƙasarsu, kwafi kawai ake ɗauka. Ana bukatar malamin jami'a ko wata cibiya ta tsaya maka, don haka ka nemi sashen tarihi a Jami'ar Marwa ko ta Ngawundare. Ka nuna wa yayyenka wannan, ko sa sassauta.

Malamar makaranta, Marwa

Ƙanena, tambaya ɗaya: mai algaitan nan wane ne? Idan ba ka sani ba, to can aikinka yake, kuma ya fi warin gaggawa a ganina, Baba na Ngawundare ya yi mini afuwa. Nagatif zai iya jiran wata uku a kwali, tsohuwar da ta san fuskokin nan babu mai ba ka tabbacin wata uku.

Nakan kai ɗalibaina kallon kayan tarihi. Abin da aka rubuta masa "makaɗin gargajiya" kawai, wucewa suke yi suna hamma. Amma ranar da wata yarinya ta ji an ambaci unguwarsu, sai da muka janye ta daga gaban gilashin. Ka wanke ƙanana masu araha, ka zuba a jaka, ka bi gidajen makaɗa da masu busa da tsofaffin zabiyoyi. Ka kunna rikoda a waya da izininsu. Za su gaya maka sunan mutum, ubangidansa, bikin wa ake yi, wane take ake busawa. Wani ma zai rera maka. Ranar nunin sai a sa wannan muryar a ƙaramar lasifika kusa da hoton, da bayani a Hausa da Fulatanci da Faransanci. Hoton kiɗa babu sauti gurgu ne.

Alhaji, Yelwa

Yaro, ban hana ka ba, amma ka taka a hankali. Mutanen da ke cikin hotunan nan suna da 'ya'ya da jikoki a garin nan. Wani kakansa maroƙi ne, shi yanzu liman ne ko babban ɗan kasuwa, ba zai so a kafa kakan a bango yana karɓar kari ba. Matan da aka ɗauka suna kiɗan ƙwarya ko rawa a cikin gida, kai ba ɗankwali, yau hajiyoyi ne da surukai. Mahaifinka an bar shi ya shiga ne don an yarda da shi, amana ce. Duk hoton mace, a kai wa ita ko 'ya'yanta su gani, in sun ce a'a a mayar da shi ambulan. Kuma kada ka zuba su a Facebook kafin ka yi wannan, abin da ya fita ba ya dawowa.

Na biyu, kakaki da tambari kayan sarauta ne, ba a busa wa kowa. Ba daidai ba ne a ji labari a gari cewa an baje hotunan masu busar fada, fada ba ta sani ba. Ka nemi wanda zai yi maka iso, ka je ka yi gaisuwa da hoto biyu ko uku a hannu.

Jikan makaɗi, Garwa

Alhaji, Allah Ya ƙara girma, maganar mata da ta fada na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ta farkon ban karɓa duka ba. Kakana kalangu ya kaɗa wa mahauta har ya tsufa, da shi ya aurar da 'ya'yansa ya sauke farali. Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. In yana cikin akwatin nan, ni zan biya kuɗin wankewa, a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. A tambayi kowane gida, kada a yanke mana hukuncin cewa kunya muke ji.

Alhaji, Yelwa

To ai abin da na ce ke nan, ɗana, a tambaya. Allah Ya ji ƙan kakanka.

Ɗaliba a Jami'ar Marwa

Yaya, ga nawa a kan koyar da yara. Kada a tara su a yi musu lacca, rana ɗaya za su gudu. Fara da kwali: a huda ƙaramin rami a gefe guda, a manna siririyar farar takarda a ciki, yaro ya lulluɓe kansa da zane ya leƙa, zai ga titi da mutane a kife. Daga nan ya gane abin da kyamara take yi, kuma ba a kashe ko dala ba.

In an samu ɗan kuɗi, akwai wankin hoto da rana wanda ake kira siyanotayif, John Herschel ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1842. Sinadari biyu ake haɗawa, ferric ammonium citrate da potassium ferricyanide, a shafa a takarda mai kauri ko farin yadi a cikin inuwa, a bari ya bushe. A ɗora nagatif a kai, a danne da gilashi, a kai rana na 'yan mintuna, a ɗauraye da ruwa zalla. Hoton yakan fito shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Ba ɗakin duhu, ba lantarki. Babba ne zai haɗa sinadarin da safar hannu, kuma kada ya kusanci asid. Sai dai a sayo daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji a Yawunde ko Duwala. Nagatif ɗin mahaifinka na asali kada ya ga rana. A buga kwafinsa babba a kan farar roba mai nuna ciki a shagon fotokofi, shi yara za su yi wasa da shi. Tunda kai tela ne, waɗanda aka yi a yadi ka haɗe su ka ɗinka, a rataya a ƙofar shiga.

A gayyato mai algaita ko mai kalangu ya zauna da su, su ɗauke shi da waya. Za su ɗauki fuska kawai, sai a ce musu su dubi yatsu, da hammatar da ke matse tsarkiyar kalangu, da mai liƙi.

Mai tambaya, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ware masu warin, sun kai kashi ɗaya cikin biyar a ƙiyasina. Na karanta wa babban yayanmu amsar ɗan Kusiri, ya ce a dakatar da mai tayin zuwa bayan sallah, bai dai ce ya fasa ba. Goggonmu ta gane mutum huɗu a hoto guda, har ta ce matar da ke gefe da shantu ƙawarta ce, tana nan da rai a Pitowa. Saura wuri. Wasu sun ce Alliance, cibiyar al'adu da koyar da Faransanci ta nan Garwa, wasu sun ce ƙofar fada.

Ɗan Kusiri, mazaunin Njamena

Duba su wa kake so su zo. A nan, gidan tarihi na ƙasa da aka kafa tun 1962 yana da kayan Sao, tsohuwar al'ummar da ta zauna kusa da tafkin Chadi, da labarin Toumaï, daɗaɗɗen ƙoƙon kai mai kama da na mutum da aka tono a Chadi, ɗalibai da baƙi ke zuwa. A Gawi kuwa, ƙauyen Kotoko da ke gefen birni, tsohon gidan sarki ne aka mayar gidan tarihi, matan garin na ginin tukwane a kusa, mutanen da kayan suka shafa suna ganin abinsu kullum. Alliance za ta ba ka bango da fitila da 'yan jarida, amma Goggo da ƙawarta ba lalle su taka can ba. Ni da zan fara a unguwa, zaure ko ajin makaranta lokacin hutu, hoto talatin sun isa. In ya karɓu, su da kansu za su neme ka. Ka kuma sanar da ofishin ma'aikatar al'adu na yanki a rubuce.

Tsohon mai hoto, Ngawundare

Disamba ko Janairu, ɗana, kafin zafi. Akwai ƙurar hunturu, don haka ka manna hotunan a katako mai laushi yadda za a iya kaɗewa kowace safiya, gilashi tsada ne kuma yana ƙyalli. A rataya daidai idon mai tsaye, ba can sama kamar kalanda ba. Ka ajiye littafi da biro a ƙarƙashin waɗanda ba a gane ba tukuna, da lamba a jikin kowanne. Sannan turo mini hoton gefen ɗaya daga masu warin, inda aka rubuta sunan kamfanin fim, in ga ko wane iri ne kafin ka kai wa mai sikana.