Tambaya kan garmahon Edison mai faifan gwangwani

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na sayi tsohon garmaho ƙirar Edison Standard a wata kasuwar gwanjo a Ingila, tare da faifai goma sha biyu masu siffar gwangwani, takwas baƙaƙe, huɗu shuɗɗa. Injin yana juyawa idan an yi masa wani, amma ban kuskura na ɗora masa faifai ba. Shin allura ɗaya za ta iya buga su duka?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka dakata. Baƙaƙen na kaki ne, kuma iri biyu ne: Gold Moulded da Edison ya fitar a 1902, mai minti biyu da layin sauti 100 a kowane inci, sai Amberol na 1908, mai minti huɗu da layi 200. Shuɗɗan su ne Blue Amberol na 1912, su ma masu minti huɗu, waɗanda aka yi da seluloyid, wato wata irin roba mai tauri, aka shafe bangon cikinsu da filasta. Idan ka sa allurar minti biyu a kan faifan minti huɗu, kaurinta ya fi layin, sai ta kankare shi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka duba harafin da ke jikin kan allurar: C na minti biyu ne, H na minti huɗu. Allurar lu'ulu'u kuwa ta shuɗɗan ce kaɗai, kada ta taɓa kaki.

Amsa ta biyu:
Ina ƙarawa da cewa yawancin Standard na farko minti biyu kawai suke bugawa, sai wanda aka ƙara wa giyar buga minti huɗu daga baya. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne riƙo. Na taɓa ɗauko Amberol daga ɗaki mai sanyi na riƙe shi da tafin hannu, nan take na ji ƙas, ya tsage tun daga baki har gindi. Yatsu biyu ake zurawa ta cikin ramin. Idan ka ga fari-fari kamar gari a jikin kakin, fumfuna ce ta riga ta ci layin, gogewa ba ta gyara shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, C ce a jiki, kuma biyar daga cikin baƙaƙen Gold Moulded ne. Da su zan fara, shuɗɗan su jira har in samu kan da ya dace.