Kwana 30 na ɗaukaka ƙara sun wuce muna asibiti, ko da sauran dama?

Mai tambaya, Ƙauran Namoda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Babbar Kotun Shari'a ta yanke hukunci kan gadon gonar kakanmu, aka ba 'ya'yan baffanmu ɓangaren da ke bakin fadama. Mako guda bayan haka Baba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, muka share kusan wata uku a asibiti a Sakkwato. Da na je kotu, magatakarda ya ce kwana 30 na ɗaukaka ƙara sun wuce tuni. Su kuwa har sun fara kai taki gonar. Bakin alƙalami ya bushe ke nan?

Lauya, Gusau: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Bai bushe ba. Ƙarin lokaci za ku nema. Tunda gado ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a nan Gusau za ku nufa, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin gado. Abu biyu alƙalai ke dubawa, kuma sai sun haɗu: dalili mai ƙarfi na jinkirin, da kuskure a hukuncin wanda ya isa a saurara. Ciwo dalili ne, amma ba da fatar baki ba. Ka yi takardar rantsuwa, ka liƙa katin asibiti da takardar sallama mai kwanan wata, har rasit ɗin magani kada ka raina. Inda na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne bayan sallama. Za a tambaye ku: kun dawo gida ranar kaza, me ya hana ku zuwa washegari? Ku haɗa da roƙon dakatar da zartar da hukuncin, don ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya hana su shuka.

Tsohon magatakarda, Talatar Mafara: Ɗana, gobe da sassafe ka rubuta takardar neman kwafin shari'ar, a buga maka hatimi a naka kwafin takardar. Kuma kada ka ce wa alƙali "ban san doka ba" ko "ba mu da kuɗi". Na daɗe a bakin teburin nan, da wuya su yi aiki.

Wani ɗan uwa: Ai ku kwantar da hankali, na ji malamai suna cewa tsakanin dangi sai shekara 40 haƙƙi ke faɗuwa.

Lauya, Gusau: Malam, wancan hauzi ne, shekara 10 ga bare, 40 tsakanin dangi, ga wanda ya yi shiru yana kallo ana cin gonarsa bai kai ƙara ba. Nan an riga an yi shari'a an yanke, lissafin kwanaki ake yi.

Wata 'yar uwa, Tsafe: Ku shigar da takardun, amma ku sa dattawan gida su zauna da su. Jini ɗaya ne, gobe a makabarta ɗaya za ku haɗu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Sati biyar ke nan da sallamar mu, gabana har ya faɗi. Barista, hannun dama ne ya shanye, Baba ba ya iya sa hannu.

Lauya, Gusau: Ya dangwala da na hagu a gaban jami'in rantsuwa. Ko kai da ka yi jinyarsa ka rantse kan abin da idonka ya gani, ka kuma faɗi yadda sati biyar ɗin nan suka tafi. Kada Litinin ta wuce ku.