Ummanmu na da ciwon suga ga ciwon gwiwa, wane motsa jiki za ta iya a gida?

Autar Umma:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ummanmu ce aka gwada aka ce tana da ciwon suga, shekarunta sun haura 60, likita ya ɗora ta a kan metformin da wata ƙaramar ƙwaya glibenclamide da take sha da safe, ya kuma ce lallai ta riƙa motsa jiki. To matsalar gwiwoyinta ne, ko sallah ma wani lokacin a kujera take yi, kuma kun san iyayenmu mata, da na yi mata maganar cewa ta yi ina ita ina tsalle-tsalle a shekarun nan. Sannan tunda aka gaya mata ciwon ta saka damuwa a ranta, baccin kirki ba ta yi, kullum tunanin wata 'yar uwarta da aka yanke wa ƙafa saboda suga. Na lura duk ranar da ta kwana tana tunani in aka gwada da safe sai a ga ya hau alhali ba wani abu ta ci ba. Da gaske damuwa na ɗaga suga? Kuma wane motsi ne mai sauƙi da za ta iya a cikin gida?

Nas Mai Aikin Dare:

Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Umma lafiya. Abin da kika lura da shi gaskiya ne wallahi. In mutum yana cikin fargaba ko bai samu bacci ba jiki na sakin wasu sinadarai, kotisol da adrenalin, su kuma sai su sa hanta ta zubo sugan da ta ajiye cikin jini, shi ya sa za ki ga ya hau ko da da yunwa ta kwana.

Maganar motsa jiki kuma ki cire mata tunanin gudu gaba ɗaya, babu wanda ya ce ta yi gudu. Abin da na fi ba tsofaffinmu shawara shi ne tafiya bayan cin abinci, ta gama cin tuwonta ta ɗan huta kaɗan sai ta tashi ta zagaya tsakar gida a hankali na minti 10 zuwa 15, daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure ta dawo, haka dai. Dalili kuwa a lokacin ne suga yake hawa, kuma tsokar da ke aiki tana zuƙar suga daga jini da kanta ba sai ta jira insulin, sinadarin jiki mai rage suga a jini, da yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati take cewa, in kin raba kusan minti 30 ne sau biyar, to minti goma-goma bayan karin kumallo da na rana da na dare ai kin ga an cike. Ba sai ta fara da haka ba, ko minti 5 ne ta fara da shi ana ƙarawa, kawai dai kar ta wuce kwana biyu a jere ba ta motsa ba.

Ranar da gwiwa ta matsa sai ta zauna a kujera mai ƙwari da ba ta zamewa, ta miƙe ƙafa ɗaya ta riƙe kaɗan ta sauke ta canza ɗaya, ta ɗaga dugadugai ta sauke, ta jujjuya idon sawu, ta riƙe ƙaramar gorar ruwa a kowane hannu tana ɗagawa. In za ta iya tashi tsaye daga kujerar ta koma ta zauna ko sau biyar ne yana ƙarfafa cinya, cinya in ta yi ƙarfi gwiwa na samun sauƙi. Inda ta ji zafi mai tsanani ta tsaya.

Amma fa abu ɗaya da ya sa na tsaya rubuta wannan duka shi ne glibenclamide ɗin nan, yana iya sa suga ya faɗi sosai, metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba. Kar ta yi motsa jiki da yunwa bayan ta sha shi. In ta fara karkarwa, gumi, jiri, ko zuciya na bugawa ku gwada, in ƙasa da 70 ne (wasu injinan 3.9 za su nuna) ku dama mata babban cokali ɗaya na suga a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba ta sha, bayan minti 15 a sake gwadawa. In ta suma kar a ɗura mata komai a baki, asibiti kai tsaye.

Ɗan Kantin Kwari:

Malama nas ta gama magana gaskiya. Ni ma ina da shi, kuma mu 'yan kasuwa zama ke kashe mu, tun safe kana kan benci a shago yaro ne ke sauko da atamfa yaro ne ke siyo abinci, kai dai lissafi. Likitana ce min ya yi duk rabin awa in miƙe ko da zagaya layi ne, yanzu kuma masallacin da ya fi nisa nake zuwa azahar da la'asar da ƙafa, kuma ina gani a injin gwaji ranar da na taka da ranar da ban taka ba ba ɗaya ba ne. Ƙanwata ki kula min da ƙafar Umma tunda ita ce fargabarta. Ciwon nan in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, don haka kar ta zagaya tsakar gida ba takalmi, silifas ɗin roba mai tsinke tsakanin yatsu ma ba shi da kyau, ki siya mata kambas mai laushi da safa, kafin ta saka a zazzage shi ko da tsakuwa a ciki. Bayan alwala ta goge tsakanin yatsu ya bushe, ke kuma da daddare ki haska fitilar waya ki duba tafin ƙafar ko akwai ƙurji ko faso ko wurin da ya canza kala. Ga hunturu na zuwa, a shafa basilin a dugadugai amma banda tsakanin yatsu, kuma kar ta kusantar da ƙafa kaskon wuta, za ta iya ƙonewa ba ta sani ba. Masu yankan farce na yawo ɗin nan ma a bar su.

Maman Biyu:

Allah sarki Umma, Allah ya yaye. Ni ta ɓangaren damuwar zan ce wani abu don surukata haka ta yi fama. Bayan isha'i a rage hayaniya, a kashe labarai, ta jingina ta ɗora hannu a ciki ta ja numfashi ta hanci a hankali har cikin ya taso, ta sake shi a hankali ya fi jan tsawo, ta yi ta yi na ɗan lokaci, daga nan ta ɗauki carbinta ta yi azkar ɗin kwanciya. Shayi mai ƙarfi da goro da yamma a rage su suna hana bacci. Kuma dan Allah ku daina barin masu zuwa dubiya suna ba ta labarin wanda ya mutu da wanda aka yanke, wallahi wasu matan ba su san illar bakinsu ba. Zagayen ma kar ki bar ta ita kaɗai, ki riƙe hannunta kuna hira ko ki haɗa ta da jikoki. Sannan a gwada mata garahuni da shuwaka, mutane na cewa har maganin asibiti suke sa a ajiye.

Nas Mai Aikin Dare:

Maman Biyu duk na yarda da ke banda ƙarshen nan. Shuwaka a miya ba laifi ganye ce, amma kar a ajiye magani saboda ita, kuma kar a riƙa ɗirka mata jiƙe-jiƙe a kan glibenclamide ba da sanin likita ba, ba a san ƙarfinsu ba ga ƙoda da ake lallaɓawa. In tafiyar ta karɓe ta suga ya riƙa sauka, likita ne zai duba ya rage maganin da kansa.

Autar Umma:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta mata ta ce a gaishe ku. Ta yarda da zagayen in dai da ni ne. Tana tambaya wai azumin Litinin da Alhamis da ta saba fa?

Nas Mai Aikin Dare:

Muna amsawa. Azumin nafila ta ɗan dakata tukuna sai ta ga likitanta, don da irin maganin da take sha yanzu akwai haɗarin faɗuwar suga da rana, wataƙila ya canza mata shi ko lokacin shansa. In ya ba ta dama, zagayen ya koma bayan buɗa baki, kar ta yi shi da la'asar sakaliya lokacin da jiki ya riga ya galabaita. Gwaji da injin ba ya karya azumi, in ta ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ta karya azumin nan take. In kun je ki roƙa a yi mata gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance wata biyu zuwa uku baya, a duba idonta da hawan jini, kuma ki tafi da littafin da kike rubuta gwajin safe a ciki.